Me ya sa ƙafarta ke ja alhali ƙashi lafiya lau?

'Yar'uwa, kin ce likita ya gano cutar MS (multiple sclerosis, wata cutar jijiyoyi) a jikin ƙanwarki, kina mamakin yadda ƙafarta ke ja da ƙasa alhali ƙashi da tsoka lafiya lau. Allah Ya ba ta lafiya.

Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa da laka. Umarnin ɗaga ƙafa daga ƙwaƙwalwa yake saukowa ta laka, kuma jijiyoyin da ke ɗauke da shi suna da rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Shi ke sa saƙo ya yi gudu, wani har ya kai mita 100 a daƙiƙa. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke afka wa rufin, ta bar tabo nan da can. Sai saƙo ya iso a makare, ko ya tsaya a hanya. Daga nan rauni ke zuwa, da sandarewar tsoka, da yatsun ƙafa masu tuntuɓe. Idan tabon ya faɗa ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya mai kula da daidaiton jiki, za ki ga tangaɗi da rawar hannu.

Zafi na ƙara dagula saƙon na ɗan lokaci, don haka ki lura da ita lokacin bazara da in zazzaɓi ya kama ta. Cutar ta fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi kama mata. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma sammu ba ce. Ina roƙonki kada ta bar ganin likitan jijiyoyi da masu gashin ƙashi, domin akwai magungunan da ke rage yawan tashin cutar.