Amsa ga Hajiya kan man zaitun da kifi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Kin ce gwaji ya nuna kitse ya yi yawa a jininsa, aka ba ki shawarar ki riƙa ba shi cokali ɗaya na man zaitun kafin karin kumallo, kina tambaya ko hakan ya wadatar.

Gaskiya bai wadatar ba. Na yi shekara uku ina karatu a Safakis ta ƙasar Tunisiya, garin da gonakin zaitun suka kewaye, ban taɓa ganin mai shan man nan kamar magani ba. Da shi suke girki. Dattijuwar da muke haya a gidanta takan gasa ƙananan kifin sadin a kan gawayi, ta yanka tumatir da albasa da tattasai, ta kwarara ɗanyen mai a kai, a ci da burodi. Wake da ganye kusan kullum, jan nama kuwa sai an kwana biyu.

Irin wannan cimar aka gwada a Sifen, a binciken PREDIMED da ya fito a 2013, kan mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya. Waɗanda aka ɗora a kanta, da man zaitun cokali huɗu a rana cikin abinci da kifi sau uku a mako, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka kwatanta da waɗanda aka ce su rage maiƙo kawai.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya sha cokalinsa da safe, da dare kuma ya zauna gaban tsire da soye-soye. Babban cokali ɗaya kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120 ne, in bai maye gurbin wani man ba, ƙiba zai ƙara. Da mahaifiyata ta samu irin wannan matsalar, man shanun da ake zuba mata a tuwo muka janye, man zaitun ya koma kan kwaɗon zogale da dafaffen wake.

Na san ya yi tsada. Kifi ya fi sauƙi: titus da shawa da sadin na gwangwani duk suna da omega-3, wani nau'in maiƙo mai amfani ga zuciya, sun fi tarwaɗa. Ki gasa ko ki yi farfesu, kada ki nitsar da shi a kaskon suya.

In za ki sayi man, nemi wanda aka rubuta extra virgin, a kwalba mai duhu. Mai kyau yakan ɗan kartar maƙogwaro. Ki ajiye shi nesa da murhu. Don Allah kada maigida ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa, kuma ya koma a sake gwajin a lokacin da aka ba shi.