Shin akwai riba a sayo oktofus ta intanet domin sayarwa a Garwa?

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da kifin ado a birnin Garwa na ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya cewa ya ga masu tallata oktofus, wato halittar tekun nan mai hannuwa takwas, a Facebook da wasu shagunan intanet, kuma yana son ya zuba jari ya sayo su domin masu ajiye kifi a akwatin gilashi a gidajensu.

Alhaji, shawarata ita ce kada ka sa kuɗinka a wannan haja, kuma babban dalilina shi ne gajertar ranta. Yawancin nau'o'in da ake ajiyewa a gida ba sa wuce shekara 1 zuwa 2 a duniya, kuma da yake galibinsu daga teku ake kamo su bayan sun girma, mai sayarwa kansa ba ya iya tabbatar maka da watannin da suka rage wa dabbar. Macen kan daina cin abinci idan ta yi ƙwai, ta zauna tana gadinsu, ta mutu bayan sun ƙyanƙyashe. Saboda haka kana iya biyan kuɗin dabba da na jirgi, ka sayar wa mutum, bayan 'yan makonni ya dawo maka da ƙorafi, alhali babu wanda ya yi sakaci a tsakaninku.

Sai kuma batun ruwa, wanda shi ne zai cinye jarin. Oktofus ba ta rayuwa a ruwan Binuwai ko na rijiya, ruwan teku take buƙata mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma gishirin girki ba ya wannan aiki, dole a sayo gishiri na musamman daga waje. Jan ƙarfe ko kaɗan ne a cikin ruwa yana kashe ta. Akwatin da ya dace da matsakaiciya ya kai lita 200, a rufe shi ruf, domin ba ta da ƙashi kuma tana iya sulalewa ta duk ramin da bakinta zai shige. Ana barin akwatin yana aiki na tsawon watanni kafin a saka ta, sannan ita kaɗai ake ajiyewa, ana ciyar da ita ƙaguwa da jatanlande. Nau'in Kalifoniya da aka fi yabawa wajen kiwo yana son ruwa mai sanyi kusa da digiri 20, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura 40, ga ɗaukewar wuta, wanda ke nufin mai saye sai ya tanadi na'urar sanyaya ruwa da janareto ko sola.

Game da masu sayarwa ta intanet, ina roƙonka ka yi hattara sosai. Shagunan ƙwarai na Amurka da Turai sukan yi alkawarin mayar da kuɗi idan dabba ta iso a mace, amma yawanci a cikin ƙasashensu alkawarin ke aiki, inda kaya ke isa cikin kwana ɗaya. Tafiya zuwa Duwala ko Yawunde, sannan arewa, ta yi wa dabbar tsawo, kuma idan ta firgita ta saki baƙin tawadarta a cikin leda tana iya halaka kanta. Wanda ya ce ka fara turo kuɗi ta Orange Money ko MTN, daga baya ya nemi na inshora da na kwastan, ɗan damfara ne har sai ya tabbatar da akasin haka. Haka kuma kada ka taɓa karɓar ƙaramar oktofus ɗin nan mai zobba shuɗaye a jiki, komai kyanta, domin dafinta yana kashe mutum kuma ba shi da makari.

Idan wani mai hali ya nace, to ya biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, ku rubuta yarjejeniya cewa asarar mutuwa tasa ce, ka nemi sunan nau'in na kimiyya da bidiyon dabbar tana cin abinci, ka kuma tuntuɓi ofishin MINEPIA, wato ma'aikatar kiwo da kamun kifi ta Kamaru, kan takardun shigo da dabba mai rai kafin ka tura ko sefa ɗaya. Jarin da ka ware kuwa, ka mayar da shi kan kifin ado na ruwan daɗi masu jure zafi kuma masu hayayyafa a gida, da akwatunan gilashi, da famfon iska, da abincin kifi, tare da yi wa abokan cinikinka aikin wanke akwati duk wata a kan kuɗin da kuka daidaita.