Me ya sa waƙoƙin Van der Graaf Generator suke da duhu haka?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa kiɗan wannan ƙungiyar mawaƙan rock yake da nauyi da firgitarwa fiye da na tsararrakinta irin su Genesis da Yes.

An kafa ta a 1967 a Jami'ar Manchester da ke Ingila, kuma Peter Hammill ne ginshiƙinta, shi ke rubuta yawancin baitocin yana rera su. Kaɗaici da mutuwa da taɓin hankali su ne abin da ya fi waƙewa, muryarsa kuma takan tashi daga raɗa zuwa kururuwa a cikin baiti guda.

A ganina kayan kiɗan ne suka ƙara duhun, domin a zamanin da jita ke mulki, su ba su dogara da ita ba. Hugh Banton yana kaɗa ogan mai amo irin na coci, yana taka ƙananan sautuka da ƙafafunsa, David Jackson kuwa yakan busa saksofon biyu a lokaci ɗaya, Guy Evans yana kan ganguna. Ka saurari faifan Pawn Hearts na 1971, wanda waƙa ɗaya a cikinsa, kan mai gadin hasumiyar teku, ta kai kusan minti 23. A gida bai yi kasuwa sosai ba, amma a Italiya ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saya.

Sun rabu a 1972, suka dawo a 1975 da faifan Godbluff, suka sake watsewa a 1978, sai a 2005 suka haɗu a Landan. Da Godbluff nake ba ka shawarar farawa.