Farantan Melamin da Kansar Mafitsarar Ɓera

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce daga wani ƙauye kusa da Kura. Na tara wa 'yata farantan nan masu kama da tangaran da ba sa fashewa, na jeren ɗakinta, sai ƙanena ɗan makaranta ya ce da sinadarin melamin ake yin su, wai yana sa wa ɓeraye kansar mafitsara. In zubar ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kada ki zubar. Ƙanen naki bai yi ƙarya ba, rabin labarin dai ya kawo miki.

A 1983 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka, inda aka shafe kusan shekara biyu ana cuɗa wa ɓeraye melamin mai yawan gaske a abinci. Wasu daga cikin mazan da suka ci kaso mafi yawa sun kamu da kansar mafitsara, matan kuwa ba su kamu ba. Da aka duba, kusan duk mai kansar akwai tsakuwa a mafitsararsa. Melamin ba ya narkewa sosai, ƙoda ce ke tace shi zuwa fitsari, in ya yi yawa sai ya dunƙule. Tsakuwar ta yi ta gurzar bangon mafitsara kamar tsakuwa a takalmi, wurin ya yi rauni, jiki ya gyara, ta sake gurzawa. Wannan gyaran da ba ya ƙarewa shi ke rikiɗewa ya zama kansa. Ga shi ɓera da ƙafa huɗu yake tafiya, ba a tsaye kamar mutum ba, tsakuwar sai ta samu wurin kwanciya ta zauna.

Ban ce melamin abin wasa ba ne. A 2008 wasu marasa tsoron Allah a Sin suka zuba shi cikin madarar jarirai, yara kusan 300,000 suka jikkata, shida suka rasu, matsalar ƙoda ce ta kama su. Amma su garin sinadarin suka sha, abin da faranti ke saki kuwa ɗan kaɗan ne. Zafi da tsami ne ke ƙara shi, don haka kunun tsamiya mai tururi a zuba shi a kwanon silba ko samira. Kada a ɗora farantin a wuta, wanda ya tsage ko ya kankare kuma a daina ci da shi.

Ni dai da na ga Kura a wasiƙarki, tsargiya ce ta faɗo mini. Yaran da ke wanka a magudanan noman rani na Kadawa, da masu dashen shinkafa, suna ɗaukar ta daga ruwan da dodon koɗi ke ciki. Ƙwan tsutsar da ke haddasa tsargiya na maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma an tabbatar tana jawo kansa ga mutum. Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, Hajiya. Duk wanda kika ga haka a gidanki, a kai shi asibiti a gwada fitsarin, in ita ce a ba shi maganin praziquantel daidai da nauyinsa.