Amsa: MRI na zuciya zai tabbatar da ciwon amiloid?

Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce hoton eko, wato sikanin ɗin zuciya, ya nuna bangon zuciyarsa ya yi kauri, ƙafafu na kumbura, likita yana zargin amiloid, kina son sanin ko MRI zai raba gardama kafin ku kashe kuɗi. Na daɗe ina aiki a ɗakin hoton zuciya, kuma amsata ita ce rabin gardamar zai raba.

Amiloid wani furotin ne da ya lalace, yake taruwa a tsakanin ƙwayoyin tsokar zuciya har ta sandare. MRI gwani ne wajen ganinsa. Ana yin allurar gadoliniyam, wani ruwa mai sa hoton ya fito sarai, ta jijiya, a jira kamar minti 10, sai a ga ruwan ya maƙale ya zagaye cikin bangon zuciya, ba wuri guda ba kamar tabon toshewar jijiya. Ana kuma auna filin da ke tsakanin ƙwayoyin, wato ECV: a lafiyayye wajen kashi 25 ne cikin 100, a mai amiloid yakan haura 40. Da haka ake bambanta shi da kaurin da hawan jini ke kawowa, wanda shi ake fara ɗora wa laifi a wajenmu.

Amma hoton ba ya faɗin wane iri ne, alhali magani a nan ya rataya. Akwai AL, wanda ke fitowa daga ɓargo, shi ba ya jira, cikin watanni yake kayar da mutum. Akwai ATTR, wanda hanta ke yin furotin ɗinsa, yana tafiya a hankali, kuma tun 2019 Amurka ta amince da maganin tafamidis dominsa. Don haka kada ku jira MRI kafin a yi gwajin FLC na jini da binciken furotin a jini da fitsari, waɗanda ke neman alamar AL. In sun fito lafiya, hoton PYP ko DPD, wani sikanin daban da ake yi bayan allura, kan tabbatar da ATTR ba sai an tsakuro tsoka ba.

Ki tambayi Baba ko hannuwansa biyu sun taɓa sagewa da dare har ya daina jin su sosai, ko kuma hawan jininsa ya sauka da kansa har magani na sa shi jiri, domin waɗannan kan zama alamun amiloid. Akwai ATTR na gado, mai zuwa ta wani sauyin ƙwayar halitta da ake kira V122I, wanda tushensa Afirka ta Yamma ne; kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka na ɗauke da shi. In shi ne, maganar ta shafe ku 'ya'yansa.

Kafin ku biya, a duba ƙodarsa saboda allurar, a faɗa musu in yana da na'urar bugun zuciya a ƙirji. Zai kwanta rigingine kusan awa guda yana riƙe numfashi lokaci-lokaci, abin da ke wahalar da mai haki, shi ya sa ake fara rage masa ruwan jiki. Kuma ba kowace na'urar MRI ke yin na zuciya ba, ki tambaye su kai tsaye ko suna auna T1 (wani ma'aunin tsokar zuciya a hoton) da ECV, da kuma wanda zai karanta hoton.