Ba "raining cats and dogs" ne zai wahalar da kai a Ingila ba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu maki 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS, makaranta ta ba ka gurbi, yanzu kana so in turo maka jerin karin maganar Turanci da ma'anarsu ka haddace kafin ka taso. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka. Amma jerin nan ba zan turo ba, don na san irin wanda kake nufi: "piece of cake" abu mai sauƙi, "break a leg" Allah ya ba da sa'a, "raining cats and dogs" ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shekarata bakwai a Mancesta, garin da ba a rabuwa da laima, ban taɓa jin Bature ya furta wannan na ƙarshen ba.

Maganar da ta cuce ni ba ta da kalma mai wuya ko ɗaya. Ina rubuta kundin digiri na biyu, malamin da ke duba ni ya rubuta a gefen babi na uku: "You might want to look at this again." Na karanta shi yadda yake, wato in na ga dama in sake dubawa. Lokaci ya ƙure, ga aikin dare ina yi, sai na bar shi. Sakamako ya fito na samu 54. A nan 50 ce tsira, 60 daraja ta tsakiya, 70 ta ƙoli, ni kuwa 70 nake hari. Da na same shi a ofis, cewa ya yi ai ya gaya mini in gyara. A wurinsa umarni ya bayar. Ka san gonar da Baba ya sayar don kuɗin makarantar nan, shi ya sa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To ka riƙe waɗannan. In ka kawo shawara aka ce "that's interesting", sau da yawa ba ta karɓu ba. "I'll bear it in mind" kusan an rufe maganar ke nan. Wanda ya fara da "with all due respect" kuwa, ka shirya, suka ce ke tafe. "Not bad" yabo ne na gaske. Kada ka ce munafunci ne, mu ma haka muke. Ka je neman bashi a ce maka "bari in duba", ko ka tarar ana cin abinci a ce "bismillah", ai ka san inda aka dosa. Namu tun muna goye muke jin sa, nasu kuwa da gemunka za ka fara koyo.

Haka gayyata. Wani abokin karatu ya ce mini "you must come round for dinner sometime". Na yi ta jira, har na tanadi ɗan abin da zan riƙe wa yaransa. Shiru. In ba a faɗi rana da lokaci ba, kara ce kawai aka yi maka. "You alright?" kuma gaisuwa ce, kamar "lafiya?" Ka amsa a taƙaice ka wuce, ba labarin murarka ake nema ba.

Sai ƙanana masu sa mutum makara ko jin kunya: "half five" biyar da rabi, "fortnight" mako biyu, "quid" fam. A arewacin ƙasar "tea" na nufin abincin dare. In mai shago ta ce maka "love", haka take ce wa kowa, kai dai kada ka mayar wa wata mace, balle a wurin aiki.

Turancinmu na gida ma zai ja maka. "I'm coming" da kake faɗa kana fita, wato "ina zuwa", su sai su ga ka juya baya ka tafi. Ka ce "sorry" a madadin "sannu" ga wanda ya yi tuntuɓe, ya amsa maka cewa ai ba laifinka ba ne. Mafi muni shi ne "give me". Mu ladabinmu yana cikin murya da rusunawa, su kuwa in ba su ji "please" ba, sun gama yanke maka hukuncin marar tarbiyya. Wata uku na yi a wurin aikina na farko ana yi mini kallon mai girman kai ban san dalili ba.

Yanzu ni ke duba aikin mutum tara, Turawa ne mafi yawansu, kuma ba wanda ya koya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk abin da malami ya rubuta maka, ka tambaye shi ta imel kai tsaye: dole ne in canza, ko zaɓi ne? Ba sa jin haushin tambaya.

Kilishin da ka ce za ka riƙo mini ka bar shi, doka ta hana shigowa da nama daga Najeriya, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Yaji da kuka sun isa. Ka gaida Hajiya.