Kada ki yi wa igiya rowa

'Yata, saƙonki ya iso, na yi dariya, na kuma ɗan damu. Wai ko yanka igiya ninki huɗu na tsawon aikin da masu ƙullin ado suka saba al'ada ce kawai ta ɓarna, har kina shirin yanka taki daidai wa daida. Hala dai ba ki riga kin sa almakashi ba?

Ƙulli cin igiya yake yi. Dubi ƙullin nan mai sili huɗu: biyun tsakiya a tsaye suke, na hagu ya bi ta samansu, na dama ya bi ta ƙasa ya fito ta madaukin da na hagu ya bari, sannan a sake farawa daga dama. Na tsakiya kusan ba sa raguwa, na gefe kuwa sai su ƙare kina tsakiyar aiki. Idan abin ratayen da za ki ƙulla zai kai mita 1, kowane silin da ke aiki yana son mita 4, kuma da yake ninka igiyar ake yi a sarƙafa ta a sanda, mita 8 za ki yanka. Igiya mai kaurin milimita 5 ta fi mai milimita 3 ci. Manyanmu kan ce rarar igiya geza ce, gajeriya kuwa tabo, don ƙari a tsakiya ba ya ɓoyuwa, kumbura yake yi.

In kika riƙa farawa daga hagu kullum, aikin zai murɗe kamar tufka. Wasu da gangan suke yi, amma a san ana yi.

Sai igiyar kanta. Ku 'yan yanzu kun fi son nailan saboda sheƙi, alhali santsi gare ta, ƙulli ba ya zama sai an ja da ƙarfi, bakinta kuma sai an ƙona. Ta auduga mai tufka uku ta fi riƙe ƙulli, sai dai bakinta na warwarewa, ki naɗe shi da salatif tun kafin ki fara. A ƙarshe ki kwance, ki taje, ga gezarki. Igiyar da aka kitsa ba ta tajuwa. Ta rama kuwa ta ci hannu, ta yi ta zubar da gashi.

Kafin ki yanka duka, yi gwaji da mita 1, ki auna abin da ƙullin ya ci. Shi ne abin da ba ku da haƙurinsa, kowa so yake ya gama yau ya ɗauki hoto.